Jagorar Ziyartar Lituwaniya: Tarihi, Abinci da Hanyar da Baƙo Zai Bi

Lituwaniya ita ce mafi girma kuma mafi kudu a cikin ƙasashe ukun da ke gabashin Tekun Baltik, sauran biyun su ne Latbiya da Istoniya. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 65,300, mutanenta ba su cika miliyan uku ba, kuma tana iyaka da Latbiya, da Belarus, da Polan, da yankin Kaliningrad na Rasha. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai dazuzzuka da tafkuna, babu manyan duwatsu, don haka wanda ya je neman abin da zai cika masa ido nan take zai iya dawowa yana cewa bai ga komai ba. Daɗin ƙasar yana cikin labarin da ke bayan kowane gini da kowane kwanon abinci, shi ya sa na tsara wannan jagora ta yadda sanin tarihi zai riga yawo. Na kuma yi la'akari da matafiyi Musulmi, domin akwai al'ummar Musulmi da ta haura shekara 600 a ƙasar, kuma akwai naman alade a ɓoye cikin abinci da yawa.

Mataki na farko: zaɓen lokaci

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Satumba ne lokacin da ya fi dacewa da wanda ya saba da zafi. A watan Yuli zafin rana yakan tsaya tsakanin digiri 20 da 25, da dare kuma akan yi sanyin da ke bukatar rigar sanyi mara nauyi, ruwan sama kuma ba ya sallama kafin ya sauko. A ƙarshen Yuni yini yakan kai kusan awa 17, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, kuma sararin sama ba ya yin duhu sosai kafin alfijir ya sake ketowa. Wannan ya shafi salla kai tsaye: tsakanin Isha'i da Asuba ɗan lokaci ne ƙalilan, saboda haka ya fi kyau mutum ya bi jadawalin da masallatan ƙasar suke amfani da shi. Alƙibla kuma ba gabas take ba a can. Daga Vilnius, babban birnin ƙasar, ana fuskantar kudu ne tare da ɗan karkata zuwa gabas.

Wanda ya isa a daren 23 ga Yuni zai tarar da bikin Joninės, wanda ake kuma kira Rasos, inda ake hura manyan wutace a fili, 'yan mata su saƙa furanni su ɗora a ka, a kwana ana waƙa har fitowar rana. A farkon Maris kuma akwai kasuwar Kaziukas a Vilnius, ta masu sassaƙa da saƙa da gini da yumɓu. Lokacin hunturu yana da nasa kyau, amma yini wajen awa bakwai ne kawai a Disamba, kuma sanyi yana iya sauka zuwa digiri 20 ƙasa da sifili, don haka ban ba wa mai zuwa karon farko shawararsa ba.

Mataki na biyu: biza, jirgi da kuɗi

Lituwaniya ta shiga Tarayyar Turai da ƙungiyar tsaro ta NATO a 2004, ta shiga yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake zagayawa da biza ɗaya, a ƙarshen 2007, sannan ta koma amfani da yuro ranar 1 ga Janairu 2015. Mai fasfon Nijeriya, ko Nijar, ko Gana, ko Kamaru, ko Cadi, ko Sudan yana bukatar bizar Shengen ta ɗan gajeren zama, wadda ke ba da damar kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ana neman fasfo da zai ci gaba da aiki aƙalla wata uku bayan ranar fita, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanin asusun banki, kuma ana ɗaukar hoton yatsu. Kuɗin bizar babba yuro 90 ne tun watan Yunin 2024. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida tafiya, kuma gara a yi da wuri. Ƙa'ida ita ce a nemi biza daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, kuma shafin ma'aikatar harkokin wajen Lituwaniya yana nuna ofishin da ke karɓar takardu a madadinta a kowace ƙasa.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa Vilnius. Akan sauya jirgi a Istanbul ko Frankfurt ko wani babban birnin Turai. Agogon can yana gaban na Nijeriya da Nijar da awa ɗaya a hunturu, awa biyu a bazara. Katin banki yana aiki kusan ko'ina, amma a riƙe 'yan canji saboda kasuwa da ƙauye. Lambar gaggawa 112 ce.

Mataki na uku: sanin tarihi kafin a taka ƙasar

A nan ya kamata a daɗe, domin duk abin da za a gani daga baya yana rataye ne da wannan. Mindaugas ne ya haɗa kan ƙabilun Lituwaniya, aka naɗa masa kambin sarauta a 1253, kuma har yau ranar 6 ga Yuli ranar hutu ce saboda tunawa da naɗin. Bayansa ƙasar ta ci gaba da bautar gargajiya ta tsawa da wuta da itatuwa, har ta zama daula ta ƙarshe a Turai da ta karɓi addinin Kirista, a 1387. Tun kafin nan mayaƙan Jamusawa na ƙungiyar Tuton sun shafe shekaru masu yawa suna kai mata hari da sunan yaɗa addini, har zuwa ranar 15 ga Yuli 1410, lokacin da rundunar haɗin gwiwa ta Polan da Lituwaniya, ƙarƙashin sarkin Polan Jogaila da ɗan'uwansa Vytautas mai mulkin Lituwaniya, ta karya lagonsu a yaƙin Žalgiris. A zamanin Vytautas ikon daular ya miƙe daga Tekun Baltik har zuwa gaɓar Bahar Aswad, kuma wannan girma na da yana nan daram a zukatan mutanen ƙasar.

A 1569 aka ƙulla tarayya da Polan a birnin Lublin, tarayyar da ta rayu har 1795, lokacin da maƙwabta suka yanyanka ta, mafi yawan Lituwaniya ta faɗa hannun Rasha. Bayan tawayen 1863 gwamnatin sarkin Rasha ta haramta buga littafin harshen Lituwaniya da haruffan Latin, daga 1864 har 1904. Sai aka samu wasu mutane, yawancinsu manoma, da suka riƙa ɗauko littattafan da aka buga a Gabashin Prusiya, yankin da ke hannun Jamusawa a lokacin, suna tsallako da su iyaka cikin dare, a cikin buhu ko ƙarƙashin ciyawa a keken doki, wanda aka kama kuma a tura shi Siberiya. Ana kiransu knygnešiai, kuma akwai mutum-mutuminsu a birnin Kaunas. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda ɗan Lituwaniya yake kishin harshensa ba, harshen da masana suke cewa ya fi duk danginsa masu rai riƙe tsoffin siffofin asali.

Ƙasar ta ayyana 'yancin kai ranar 16 ga Fabrairu 1918, amma daga 1920 zuwa 1939 Vilnius tana hannun Polan, sai Kaunas ta zama babban birni na wucin gadi. A 1940 Tarayyar Sobiyet ta mamaye ta, a watan Yunin 1941 aka fara kwasar iyalai cikin taragon dabbobi zuwa Siberiya, bayan 'yan kwanaki kuma sojojin Jamus na Nazi suka shigo. Cikin shekara uku aka kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na Yahudawan ƙasar, waɗanda yawansu ya kai wajen 200,000, kuma akwai hannun wasu 'yan ƙasa a cikin wannan ta'asa. Da Sobiyet ta dawo a 1944, dubban matasa suka shiga daji suna yaƙin sunƙuru har wajen 1953.

Ranar 23 ga Agusta 1989, cika shekara 50 da yarjejeniyar sirri tsakanin Jamus da Sobiyet wadda ta raba yankin, mutane kusan miliyan biyu suka riƙe hannun juna daga Vilnius, ta Riga babban birnin Latbiya, har Tallinn babban birnin Istoniya, tafiyar fiye da kilomita 600. Ranar 11 ga Maris 1990 Lituwaniya ta zama jamhuriyar Sobiyet ta farko da ta ayyana ɓallewa, kuma ranar 13 ga Janairu 1991 sojojin Sobiyet suka kashe fararen hula 14 da ke kare hasumiyar talabijin da ginin gidan rediyo da talabijin da jikinsu. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsaya a wurin suna nan da ransu, ƙila mai tuƙa ka ko mai masaukinka yana cikinsu. Saboda haka kada baƙo ya kira su Rashawa, kada ya ɗauka cewa kowa zai so a yi masa magana da Rashanci, kuma ya sani cewa doka ta hana nuna tambarin Sobiyet ko na Nazi a bainar jama'a tun 2008.

Mataki na huɗu: kwana biyu ko uku a Vilnius

Filin jirgin sama bai fi kilomita bakwai daga tsakiyar gari ba, akwai bas da jirgin ƙasa, manhajar kiran tasi ta Bolt kuma tana aiki. A nemi masauki cikin tsohon gari ko kusa da shi, domin da ƙafa ake cin moriyarsa, kuma titunan shimfiɗar duwatsu ne da ke bukatar takalmi mai ƙarfi. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1994.

A fara daga dandalin babban coci, a hau tudun da hasumiyar Gediminas take, inda za a ga jajayen rufin gidaje da kogin Neris. Gediminas shi ne sarkin da wasiƙunsa na 1323 suka fara ambaton sunan birnin, kuma almara ta ce ya yi mafarki da kyarkecin ƙarfe yana haushi a kan tudun, boka ya fassara masa cewa ya gina birni a wurin. Daga nan a bi titin Pilies zuwa Jami'ar Vilnius, wadda aka kafa a 1579, a ratsa farfajiyoyinta, a duba cocin Anna mai jan bulo, a ƙare a Ƙofar Alfijir, wadda ita kaɗai ta rage cikin ƙofofin ganuwar birnin. Unguwar Užupis ta masu zane, wadda ta yi shelar zama jamhuriya cikin raha a 1997, tana hayin ƙaramin kogi, awa ɗaya ta ishe ta.

Wurin da nake ganin bai kamata a tsallake ba shi ne gidan tarihin mamaya da gwagwarmayar 'yanci, a tsohon ginin hukumar leƙen asirin KGB da ke titin Gedimino. A jikin bangon waje an sassaƙa sunayen waɗanda aka kashe, kowanne da shekarar haihuwa da ta mutuwa, kuma idan mutum ya tsaya ya yi lissafi zai ga yawancinsu ba su kai talatin ba. A ƙarƙashin ƙasa akwai ɗakunan tsare mutane yadda aka bar su: ɗaya an lulluɓe bangonsa da abu mai taushi don kada a ji ihu, wani kuma ana cika daɓensa da ruwan sanyi a bar fursuna tsaye a kan ɗan faifan ƙarfe, da zarar barci ya sace shi sai ya faɗa ruwan. A Paneriai, wajen kilomita goma daga gari, akwai ramukan da aka harbe mutane kusan 100,000 a lokacin Nazi, yawancinsu Yahudawan Vilnius. Wuraren nan biyu na ladabi ne, ba na ɗaukar hoton nishaɗi ba.

Mataki na biyar: Trakai da ƙauyukan Tatar

Trakai tana kilomita 28 daga Vilnius, tafiyar kusan rabin awa a jirgin ƙasa ko bas. Fadar jan bulo da ke kan tsibiri a tafkin Galvė an kammala ta a farkon ƙarni na 15, a nan Vytautas ya rasu a 1430, kuma abin da ake gani yau an sake gina yawancinsa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Titin da ke kaiwa fadar yana ratsa gidajen katako na Karaim, wata ƙaramar al'umma mai harshe dangin Turkanci da ke bin Attaura, waɗanda Vytautas ya kawo daga yankin Kirimiya a ƙarshen ƙarni na 14. Ana gane gidajensu da tagogi uku da ke kallon titi, kuma ɗakin ibadarsu, kenesa, yana nan a kan titin.

A wannan zamanin ne kuma Musulmin Tatar suka zo. Wasu sun biyo sarkinsu Tokhtamysh da ya nemi mafaka wurin Vytautas, aka ba su filaye a kewayen Vilnius da Trakai bisa sharaɗin aikin soja, kuma mahayan dawakinsu sun yi yaƙin Žalgiris ƙarƙashin Jalaluddin ɗan Tokhtamysh. Da tafiya ta yi nisa suka rasa harshensu, suka koma magana da Belarusanci da Polanci, amma ba su saki addini ba, sai suka riƙa rubuta tafsiri da addu'o'i da labaran annabawa cikin waɗannan harsuna da haruffan Larabci, har suka ƙirƙiro wasu haruffa don sautukan da babu su a Larabci. Bahaushen da ya tashi da karatun ajami zai gane wannan dabara da kallo ɗaya. Yau yawansu bai fi 'yan dubbai kaɗan ba.

Masallatansu na tarihi huɗu ne suka rage. Akwai na ƙauyen Keturiasdešimt Totorių, wato Tatar Arba'in, a kudu da Vilnius. Akwai na Nemėžis a bakin gari, wanda aka gina a 1909. Akwai na Raižiai kusa da Alytus, na 1889, wanda shi kaɗai ya ci gaba da aiki a duk zamanin Sobiyet. Sai na Kaunas. Na Tatar Arba'in ɗan ginin katako ne mai kusurwa huɗu, wanda ba a bambanta shi da gidan manomi sai an ɗaga kai an ga ƙaramar hasumiya da jinjirin wata a ƙololuwar rufi. A ciki an raba wurin maza da na mata da bangon katako, a waje kuma maƙabarta ce mai duwatsun da aka rubuta Bisimilla a samansu, sunan mamaci kuma a ƙasa da haruffan Latin ko na Rashanci. Masallatan ƙauye yawanci a kulle suke in ba Juma'a ko Idi ba, don haka a tuntuɓi jama'ar wurin tun kafin a tashi. A cikin Vilnius kanta hukumomin Sobiyet sun rushe tsohon masallacin unguwar Lukiškės a 1968, yanzu ana sallar Juma'a ne a cibiyar al'adu da ilimin Musulunci da ke birnin.

Mataki na shida: yadda ake cin abinci

Abincin Lituwaniya na mutanen da suka saba da dogon hunturu ne: dankalin Turawa, baƙin burodi na hatsin rugiai, kayan madara, kifi, da nama mai kitse. A bazara abin da kowa yake sha shi ne šaltibarščiai, miya mai sanyi da ake haɗawa da nono mai tsami da wata jar saiwa, a yanka kokwamba da albasa mai lawashi da ganyen ƙamshi, a ɗora rabin dafaffen ƙwai a kai. Launinta ruwan hoda ne mai haske har ido yana ɗan ja da baya, ana kawo ta tare da dafaffen dankali mai zafi a wani faranti dabam, kuma yadda ake ci shi ne a gutsiri dankalin da cokali a tsoma cikin miyar, zafi da sanyi su haɗu a baki. Babu nama a cikinta, saboda haka ita ce farkon abin da zan ce baƙo ya nema.

Abincin da ƙasar ta fi suna da shi cepelinai ne, manyan curi na gurzajjen dankali da ake cusa wa nama a dafa a ruwa. Naman nan galibi na alade ne. Akwai mai cukun gida a ciki, cepelinai su varške, amma shi ma akan zuba masa soyayyen kitsen alade a kai, don haka sai an ce a kawo shi da kirim mai tsami kaɗai, wato grietinė. Haka kugelis, gasasshen dankali, yawanci da kitsen alade ake yinsa, vėdarai kuma a hanjin alade ake ɗura shi. Kalmomin da ya kamata a haddace ko a rubuta a waya su ne kiauliena, naman alade, lašiniai, šoninė da spirgučiai, nau'o'in kitsensa, kumpis, cinyarsa, taukai, mansa. Jautiena naman sa ne, aviena na tunkiya, vištiena na kaza, žuvis kifi. Idan aka ce "be kiaulienos" ana nufin ban da alade, "be mėsos" kuma ban da nama gaba ɗaya. Masu hidima a birane suna jin Ingilishi kuma ba sa ɗaukar tambaya a matsayin raini.

A Trakai za a ga kibinai ko'ina, gasasshen fulawa mai siffar jinjirin wata da yankakken nama da albasa a ciki. Na asali na Karaim da naman tunkiya ake yi, domin su ma ba sa cin alade, amma shaguna da yawa yanzu suna sayar da mai alade, kuma ko na tunkiyar ba lallai ne yankan Musulmi ba. Wanda yake tsanantawa a kan yanka sai ya nemi mai alayyafo ko cuku, ya bar cin nama sai a gidajen abincin Turkawa da Larabawa da 'yan Asiya ta Tsakiya da ke Vilnius da Kaunas, ya kuma tambaya. Abubuwan da za a ci da kwanciyar hankali suna da yawa: wainar dankali bulviniai blynai idan da man girki aka soya, soyayyen baƙin burodi da tafarnuwa kepta duona, kifin silkė da albasa, farin cuku da zuma, da busasshen cukun Džiugas. Na zaƙi akwai šakotis, wanda ake gasawa a jikin sanda mai juyawa gaban wuta har ya yi rassa, da šimtalapis mai ninki-ninki, wanda gadon Tatar ne. Gira, abin sha da ake yi da burodi, yana da ɗan burbushin barasa saboda tsimawa, midus da alus kuwa giya ce sosai. Ruwan famfo yana da tsabta. Kasuwar Halės a Vilnius, wadda ke aiki tun 1906, wuri ne mai kyau na sayen burodi da zuma da 'ya'yan itatuwan daji.

Mataki na bakwai: Kaunas da Tudun Gicciye

Jirgin ƙasa yana kai mutum Kaunas cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, kuma idan da hali a daidaita zuwan da ranar Juma'a. Masallacin da ke lambun Ramybės farin gini ne mai ƙubba da hasumiya, an gina shi tsakanin 1930 da 1933 da tallafin gwamnati don cika shekara 500 da rasuwar Vytautas. Sobiyet ta rufe shi ta mai da shi wajen ajiya, aka mayar wa Musulmi a ƙarshen mulkinta. Birnin yana mahaɗar kogunan Nemunas da Neris, kuma gine-ginen da aka yi lokacin da yake babban birni sun shiga jerin UNESCO a 2023. A bi titin Laisvės na masu tafiya a ƙasa, a shiga gidan tarihin mai zane kuma mawaƙi Čiurlionis, a ziyarci gidan Chiune Sugihara, jami'in jakadancin Japan da ya rubuta wa dubban Yahudawa 'yan gudun hijira bizar wucewa a 1940. Kaunas ce kuma cibiyar ƙwallon kwando, gidan ƙungiyar Žalgiris da shahararren ɗan wasa Arvydas Sabonis, kuma lambar tagulla da ƙasar ta ci a gasar Olimfik ta 1992, jim kaɗan bayan 'yanci, magana ce da ke buɗe bakin kowane dattijo. A nan aka fara babban bikin waƙa na ƙasa a 1924, wanda dubban mawaƙa suke rerawa tare.

Tudun Gicciye yana kilomita 12 arewa da birnin Šiauliai. Wurin ibadar Katolika ne da aka cika da gicciye fiye da 100,000, hukumomin Sobiyet sun sha share shi da katafila tun daga 1961, mutane kuma suna dawowa da dare su sake kafawa, Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarce shi a 1993. Ko wanda ba addininsa ba ne zai fahimci taurin kan al'ummar a wurin, amma idan lokaci ya ƙure ana iya barinsa.

Mataki na takwas: gaɓar teku

Daga Vilnius zuwa Klaipėda tafiyar awa huɗu da ɗoriya ce a jirgin ƙasa. Birnin, wanda a da ake kira Memel, ya daɗe a hannun Jamusawa kafin ya shiga Lituwaniya a 1923, kuma ana ganin haka a gine-ginensa. Jirgin fito yana tsallakar da mutane cikin 'yan mintuna zuwa Smiltynė, bakin wani siririn zirin yashi mai tsawon kilomita 98 da ya raba teku da tafkin Kuršių; kilomita 52 na Lituwaniya ne, sauran na Rasha. Bayan an sare dazuzzukansa a ƙarni na 17 da na 18 iska ta riƙa tura jigayin yashi har suka binne ƙauyuka, sai a ƙarni na 19 aka duƙufa da dashen itatuwa da ciyawa don tsayar da su, kuma wannan aikin ne ya sa UNESCO ta karrama wurin a 2000. Saboda haka dokar bin hanyar da aka shata ba ta wasa ba ce. A garin Nida da ke kan zirin a hau jigawar Parnidis mai tsayin wajen mita 52, a sayi kyafaffen kifi da zafinsa a ci da baƙin burodi. Iyakar Rasha tana 'yan kilomita kaɗan kudu da garin, kada a wuce alamun gargaɗi. Ruwan tekun ko a Yuli da wuya ya haura digiri 20, kuma wanda ya shiga daji ko ciyawa ya sa dogon wando ya duba jikinsa da yamma, domin kaskar yankin tana ɗauke da cututtuka.

Mataki na tara: ladabi da tsaraba

Mutanen Lituwaniya ba su da yawan fara'a ga wanda ba su sani ba, gaisuwarsu gajera ce, kuma shiru a cikin bas ba alamar ƙiyayya ba ce. "Laba diena" ita ce gaisuwar rana, "ačiū" godiya, "prašau" roƙo da kuma amsa godiya. Ana cika alƙawarin lokaci daidai. Wanda aka gayyata gida ya cire takalmi a ƙofa, kada ya miƙa hannun gaisuwa ta kan dokin ƙofa, idan kuma zai kai furanni su kasance mara, kamar uku ko biyar, domin cika na jana'iza ne. Ba a ciniki a kanti. A gidan abinci ana barin wajen kashi goma cikin ɗari idan hidima ta yi kyau, kuma kwalaben ruwa da gwangwani ana mayar da su cikin na'urar da ke manyan kantuna a karɓi santi goma a kan kowanne.

Tsarabar da ta fi dacewa ita ce gintaras, ƙaron itatuwan da suka shekara miliyoyi har ya daskare, wanda teku ke watsowa gaɓa bayan guguwa. Ana yin sarƙa da 'yan kunne da carbi da shi. Gidan tarihinsa yana garin Palanga da ke gaɓar teku, cikin tsohuwar fadar iyalan Tiškevičius, kuma ganin na gaske a can yana taimaka wa ido kafin a shiga kasuwa. Na ainihi ba shi da nauyi, ba ya sanyi a tafin hannu, yana kuma yin iyo a ruwan da aka cika wa gishiri, amma tun da jabun roba ya yi yawa a teburan bakin titi, a saya a shagon da ke ba da takardar shaida. Kayan lilin, cokulan katako, zuma da šakotis duk suna jure tafiya. Wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba ne yana iya neman a mayar masa da harajin kaya idan ya yi sayayya mai yawa a shagon da ke cikin tsarin, muddin ya karɓi takardar a wurin sayen kuma ya nuna ta tare da kayan ga jami'an kwastan kafin ya fita daga Tarayyar.